Makaho da ɗan jagora: yadda furotin masu haddasa sankarar jini ke aron ƙarfi

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗalibar likitanci ce. A darasin cututtukan jini malaminmu ya ce da yawa daga cikin sankarar jini mai saurin kamu tana farawa ne daga lalacewar furotin da ake kira tiranskirifshon fakta, amma wai da wuya a yi musu magani kai tsaye, sai dai a bi ta kan abokan aikinsu, ko'aktibeta. Na haddace sunayen saboda jarrabawa, su MYB da p300 da menin, amma ban gane abin da ya haɗa su ba. Kuma ina ruwan wannan da majinyacin da ke kwance a gado?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar malaminku haka take, kuma ban ga laifinki ba, don sunayen nan sun fi kama da lambar mota. Bari mu fara raɗa musu sunan gida. Tiranskirifshon fakta zan kira shi jagora, ko'aktibeta kuma mataimaki. Abin da kuke ce wa jin a aji, wato yankin DNA mai ɗauke da umarnin ƙera furotin, zan ce masa shafi. In kin riƙe waɗannan ukun, sauran magana guda ce: jagoran da ya lalace ba shi da ƙarfin kansa, aro yake yi, kuma ƙwayar sankara ta fi lafiyayyar ƙwaya dogara da wannan aron.

DNA ɗin da ke cikin ƙwaya ɗaya ya kusa mita 2 in an miƙe shi. Don ya samu shiga cibiyar ƙwayar, nannaɗe yake a jikin wasu furotin da ake kira histon, kamar zare a ƙwarƙwaro, haruffa 147 a kan kowane curi mai histon 8. Shafin da aka ɗaure tamau ba ya karantuwa. Muna da shafuka wajen 20,000, kuma ƙwayar hanta da ta ɓargo duk kwafi ɗaya suke ɗauke da shi. Abin da ya raba su shi ne wanne aka buɗe, wanne aka bari a rufe. Masu wannan zaɓen su ne jagorori, kimanin 1,600 a jikin ɗan Adam. Kowane jagora hannu biyu gare shi. Ɗaya yana laluben DNA har ya taras da 'yan haruffan da ya sani, ya damƙe. Ɗayan babu komai a cikinsa, yafito kawai yake yi.

Waɗanda ake yafitowa su ne mataimaka, kuma manyansu tagwaye ne, CBP da p300, kowanne mai amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, sama da 2,400. An gano CBP a 1993 a ɗakin binciken Richard Goodman a Amurka, a 1996 kuma aka tabbatar tagwayen enzayim ne, wato furotin masu sarrafa sinadarai: suna manna wani ɗan sinadari, asetil, a wutsiyar histon. Mannawar nan tana sassauta riƙon da histon ya yi wa DNA, sannan ta zama tuta. Wani mataimakin mai suna BRD4 ya ga tutar ya sauka a kanta, ya kira CDK9, shi kuma ya saki injin kwafa shafi, folimares, wanda da ma yana tsaye a bakin layi yana jiran izini. To amma duk ƙarfin p300, ba ya iya karanta ko harafi ɗaya na DNA. Makaho ne ƙaƙƙarfa, inda ɗan jagora ya ja sandarsa nan zai je. In ɗan jagora ya ɓata, makaho aikinsa zai yi tsakani da Allah, sai dai a gidan da bai kamata ba.

A ɓargo abin da ake so shi ne ɗanyar ƙwaya ta bi matakai ta nuna, kuma kullum ana buƙatar sababbin ƙwayoyin jini fiye da biliyan 100. Kafin ƙwaya ta nuna sai ta rufe shafukan yarinta, irin su HOXA9 da MEIS1 da MYC. A sankarar jini mai saurin kamu shafukan nan ba sa rufuwa. Ƙwaya ta ƙi girma amma ba ta fasa haihuwa ba, har ɗanyun ƙwayoyi su cika ɓargo su hana lafiyayyu wuri. Daga nan ne ƙarancin jini da zazzaɓi da zubar jinin da kike gani a ɗakin majinyata suke fitowa.

Wurin da na fi so ɗalibi ya zuba wa ido shi ne MYB, domin a nan an ga musabahar jagora da mataimaki da ido, an auna ta. An fara sanin MYB ne daga wata ƙwayar cuta mai sa wa kaji sankarar jini. Jagora ne na halak, ba a yin jini sai da shi: ɓeran da aka cire wa shi gaba ɗaya yana mutuwa tun a ciki, wajen kwana na 15, saboda rashin jini. Hannunsa na yafito ɗan guntu ne mai amino asid ashirin da 'yan kai, kuma yana kama wani sashe na CBP ko p300 da ake kira KIX. Shi KIX ɗan ƙarami ne, bai kai amino asid 90 ba, murɗaɗɗun igiyoyi uku ne da suka jingina da juna, suka bar ɗan kwari a tsakanin ta ɗaya da ta uku. Ɗakin binciken Peter Wright a Kalifoniya ya fitar da siffar wannan haɗuwa a 2004. Hannun MYB yana zuwa ne a sake, sai ya taɓa KIX sannan ya murɗe ya tsaya, amino asid ɗinsa na 302, mai suna lusin, ya nutse cikin kwarin kamar yatsa a ramin dara. Sauya wannan ɗayan kawai, musabaha ta warware.

KIX yana da wani wurin kamu a ɗaya gefen, inda furotin MLL ke riƙewa, kuma in MLL ya riƙe can, kamun MYB a nan yana ƙara ƙarfi. Saboda haka kada ki ɗauka jagora ɗaya ne ke jan mataimaki ɗaya. Taron dangi ake yi a kan shafi, kowa yana ƙarfafa riƙon ɗan'uwansa.

Gwajin da ya sa na yarda da muhimmancin wannan ɗan kwari an buga shi a 2014, daga ɗakin binciken Tom Gonda a Ostiraliya. Suna da wasu ɓeraye da amino asid ɗaya ya sauya a hannun MYB ɗinsu, ta yadda ba ya iya kama p300 da kyau. Ɓerayen suna rayuwa, suna yin jini, ko da yake ba daidai da na lafiyayyu ba. Aka ɗebi ƙwayoyin jininsu aka dasa musu shafukan da aka san suna haddasa sankara a ɗan Adam, MLL-AF9 da AML1-ETO. Sankarar ta ƙi kamawa. Duba da kyau: ba a taɓa mugun shafin ba, yana nan da ransa. Ɗan garin da zai shigar da shi aka raunana, kuma da ɗan gari kan ci gari. Lafiyayyar ƙwaya tana iya lallaɓawa da ragin ƙarfin MYB, ƙwayar sankara ba ta iyawa. Wannan ratar ita ce duk abin da masu neman magani suke farauta.

Wani lokaci ma jagora lafiyarsa lau, adireshin bogi aka rubuta masa. Akwai wasu ƙwayoyin sankara da ake reno a ɗakunan gwaje-gwaje na duniya, Jurkat, waɗanda aka samo daga wani yaro ɗan shekara 14 mai sankarar ƙwayoyin T, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini. An daɗe ana mamakin yadda shafin TAL1, mai rura wannan sankara, yake a buɗe warwar a cikinsu alhali ba a ga wata karaya a kuromosom, wato dunƙulen DNA, ba. A 2014 Marc Mansour da Thomas Look a Boston suka gano dalili: haruffa 12 kacal ne suka kutsa cikin DNA, haruffa dubu bakwai da wani abu kafin farkon shafin, a wurin da da ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Haruffan suka samar wa MYB wurin kamu. MYB ya sauka, ya yafito CBP, CBP ya yi ta manna asetil, sauran jagorori suka biyo, wurin ya zama babban zuga-zugi yana hura TAL1 dare da rana. Da suka yanke haruffan da CRISPR, almakashin yanka DNA, zuga-zugin ya rushe, TAL1 ya yi sanyi.

Ƙwayoyin cuta ma sun san wannan hanyar. HTLV-1, wadda ake samu a kudu maso yammacin Japan da tsibiran Karebiyan da kuma nan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, tana ƙera furotin mai suna Tax da ke haɗa kai da jagoran CREB ya jawo CBP da p300 ta wannan KIX ɗin. Tana yaɗuwa ta shayarwa da saduwa da ƙarin jini, kuma kimanin kashi 5 cikin 100 na masu ɗauke da ita ne ke kamuwa da sankarar ƙwayoyin T, bayan shekaru masu yawa.

To me ya hana a kashe jagoran da kansa? Ƙwayar magani ƙaramin abu ce, tana son rami mai zurfi da za ta shige ta toshe. Shi ya sa maganin imatinib ya yi nasara a kan CML, wata sankarar jini mai tafiya a hankali, tun 2001, har majinyatanmu suke tafiya Ile-Ife karɓo shi: BCR-ABL, furotin da ke haddasa ta, enzayim ne mai aljihu. Jagora kuwa hannunsa mai kama DNA shimfiɗaɗɗe ne, hannun yafiton kuma ba shi da tsayayyar siffa. Babu inda magani zai maƙale. Ko kwarin KIX bai da zurfin a-zo-a-gani. Karl-Heinz Klempnauer a Jamus ya nuna wasu sinadarai irin su selastirol suna raba MYB da KIX, Alex Kentsis a New York kuma ya ƙera ɗan guntun furotin mai kwaikwayon hannun MYB a 2018. Sinadaran nan sun yi aiki a kwanon gwaji da jikin ɓeraye, amma babu wanda ya zama maganin da ake rubuta wa majinyaci.

Inda aka ci nasara ta farko, an ci ta ne kafin a san dalili. Ina nufin APL, wata sankarar jini mai saurin kamu, wadda tsofaffin littattafanku ke kira M3. Ba na manta wani saurayi da aka kawo mana dasashinsa na tsiyayar jini, jikinsa duk tabo kamar an yi masa duka, wurin da aka ɗebi jini ya ƙi tsayawa. Na sa gilashin a madubin ƙara girma, sai ga ƙwayoyi cike da burbushi ja-ja, wasunsu ɗauke da 'yan sanduna a jibge kamar damin kirare. Wanda ya ga wannan sau ɗaya ba ya sake kasa gane shi. Janet Rowley ta Chicago ce ta nuna a 1977 cewa kuromosom na 15 da na 17 ne ke musayar gutsure a wannan cuta, abin da ke haifar da haɗaɗɗen furotin PML-RARA.

Shi RARA jagora ne mai fuska biyu. In babu sinadarin retinoyik asid, wanda jiki ke samu daga bitamin A, masu kulle yake riƙewa, wato NCoR da SMRT tare da enzayim mai goge asetil. Da sinadarin ya shige aljihunsa, sai wata 'yar igiya a ƙarshensa ta juya kamar ƙyaure, masu kulle su faɗi, mataimaka su samu wurin kamu, shafukan nuna su buɗe. PML-RARA yana curewa ne da 'yan'uwansa ya ƙanƙame masu kulle, ɗan abin da ke cikin jini ba ya isa ya ɓamɓare su. Sai a ba da shi da yawa, miligiram 45 a kowace murabba'in mita ta faɗin jiki a rana. Wannan shi ne ATRA. Wang Zhenyi da abokan aikinsa a Shanghai sun buga a 1988 cewa majinyata 23 cikin 24 sun samu lafawar cutar da shi kaɗai. In kina duba jinin majinyaci bayan kwanaki, za ki ga ƙwayoyin nan suna nuna a gabanki, cibiyarsu tana rarrabuwa kamar ta lafiyayyun fararen ƙwayoyi, wata ma da ragowar sandarta a ciki. Sai dai in faɗa miki gaskiya, musayar masu kulle da mataimaka rabin labarin ce. Binciken Hugues de Thé a Faris ya nuna cewa warkewa ta dindindin tana zuwa ne daga rushe furotin ɗin ɗungurungum, aikin da gubar asenik ta ƙware a kai, wadda likitocin Harbin a ƙasar Sin suka fara gwadawa tun shekarun 1970. Da aka haɗa ATRA da asenik a gwajin Francesco Lo-Coco na 2013, kashi 97 cikin 100 na majinyatan da cutarsu ba ta cikin rukuni mafi haɗari sun kai shekara 2 da rai ba tare da cutar ta dawo ba.

Kada ki haddace cewa wannan jagoran na kullewa ne, wancan na buɗewa. An daɗe ana koyar da AML1-ETO, na musayar kuromosom 8 da 21, a matsayin mai kulle zalla, sai a 2011 ɗakin binciken Stephen Nimer ya nuna p300 yana manna masa asetil a jikinsa, kuma in babu wannan ba ya iya haddasa cutar yadda ya saba. Yana kulle wasu shafuka, yana buɗe wasu.

Labarin MLL, wanda yanzu ake rubutawa KMT2A, ya fi kowanne nuna abin da malaminku ke nufi. Shafin yana kan kuromosom na 11. In ya karye, gaban furotin ɗin yana mannewa da jelar wani, kuma an ƙirga irin waɗannan abokan haɗi fiye da 80. Shi ke bayan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na sankarar limfo mai saurin kamu ta jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, ana kuma ganin sa bayan an yi wa mutum magani da etoposide, wani maganin sankara. Da aka duba abokan haɗin da suka fi yawa, AF4 da AF9 da ENL da ELL da AF10, sai aka tarar ko dai 'yan ƙungiyar da ke sakin folimares ne, ko masu jawo enzayim ɗin DOT1L. A wasu majinyatan ma CBP ko p300 ne da kansa abokin haɗin. Ma'ana an yi wa jagora da mataimaki walda. Babu sauran yafito, babu sauran sallama, HOXA9 da MEIS1 suna buɗe har abada.

Walda ba ta yankuwa da magani. Amma gaban MLL ba ya iya zama daram a kan waɗannan shafukan sai ya riƙe wani furotin mai suna menin, abin da Akihiko Yokoyama da Michael Cleary suka tabbatar a Stanford a 2005. Abin dariya, an san menin ne a matsayin mai hana ƙari a wasu gaɓoɓin da ke fitar da sinadaran jiki, ga shi nan a ɓargo yana riƙe wa ɓarawo tsani. Kuma menin, saɓanin KIX, yana da rami mai zurfi a tsakiyarsa, daidai inda 'yan amino asid na farkon MLL ke shiga. Jolanta Grembecka da Tomasz Cierpicki a Michigan suka fitar da ƙwayoyin farko masu toshe ramin a 2012. A gwajin revumenib, ɗaya daga cikin magungunan toshe ramin, da aka buga a 2023, a kan majinyatan da cutarsu ta dawo ko ta ƙi jin magani, 18 cikin 60 sun samu cikakkiyar lafawa ko kusa da ita. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Nuwamban 2024. Yana aiki har a kan sankarar da ke da sauyi a shafin NPM1, wadda ta kai kusan kashi 30 cikin 100 na AML, wato sankarar jini mai saurin kamu da ta fi kama manya, domin ita ma da MLL da menin take riƙe HOXA9 a buɗe.

Lafawa a majinyata 18 cikin 60 ba warkewa ba ce, kuma sankara ba ta zauna tana kallo ba. A wasu majinyatan da cutar ta dawo, an tarar menin ɗin ya sauya a bakin ramin, a amino asid na 327 ko 331 ko 349, sauyin da ya hana magani zama amma ya bar MLL yana shiga abinsa. Ni a wurina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi cewa an taɓa jijiyar cutar: ba ta nemi wata hanya ba, ramin nan dai ta gyara.

Ga kuma inda aka sha ƙasa. A 2011 Johannes Zuber da Christopher Vakoc suka nuna AML ba ta rayuwa in babu BRD4, ga kuma sinadarin JQ1 da ke hana shi sauka a kan tutar asetil. Murna ta cika fagen. Da aka je kan mutane, amfanin bai taka kara ya karya ba, ƙwayoyin daskarar da jini kuma suka yi ta faɗuwa. Maganin DOT1L ma 'yan kaɗan ya taimaka. A sankarar ƙwayoyin T, inda fiye da rabin majinyata ke da sauyi a furotin NOTCH1, magungunan da ke hana shi zuwa ya haɗu da mataimakansa MAML1 da p300 sun ci karo da matsanancin zawo, saboda hanji ma da NOTCH yake aiki. Ra'ayina shi ne mataimaki irin BRD4 ko p300 na kowa ne, zuciya da hanji da ɓargo duk shi suke kira, in kin sa shi barci kin sa gari duka. Musabahar da ƙwayar sankara ta fi kowa buƙata, kuma mai rami, ita ce ke ba da magani. Har yanzu ana gwada masu toshe p300 da CBP, irin su inobrodib, kuma zan yi farin ciki in sun ƙaryata ni.

Majinyacinki na gado kuwa, ruwansa a nan biyu ne. Na farko, sunan musayar kuromosom shi ne ke zaɓar magani, don haka in da halin aika jini ko ɓargo gwajin PML-RARA ko KMT2A, a aika. Amma a APL ba a jiran sakamako. Da kin ga damin kiraren nan tare da zubar jini, ki kira babbanki a fara ATRA a ranar, a bi da jini da ƙwayoyin daskarwa, don zubar jini a ƙwaƙwalwa ne ke kashe su a makon farko. Na biyu, magungunan nan ba kashe ƙwaya suke fara yi ba, sa ta nuna suke yi, kuma in biliyoyin ƙwayoyi suka nuna lokaci guda sukan kwarara cikin huhu. Zazzaɓi, haki, kumburi da ƙarin nauyi a majinyacin da ke shan ATRA ko asenik ko revumenib, ki fara zargin wannan kafin ki ce nimoniya ce kawai. A APL ana ba majinyaci baligi dexamethasone miligiram 10 sau biyu a rana tun daga zargin farko, ba sai hoton ƙirji ya dawo ba.